Kuɗin Guzuri: Ƙofofin Da Dalar Ma'aikaci Ke Zurarewa A Ƙasar Waje Da Yadda Ake Toshe Su

Ma'aikacin Gwamnatin Tarayya da ke tsakanin mataki na 7 da na 14, idan aka tura shi aiki ƙasar waje, jadawalin da aka daɗe ana aiki da shi ya tanadar masa dala 381 a kowane dare a matsayin kuɗin guzuri, wanda ma'aikata suka fi sani da estakod. Na mataki na 15 zuwa 17 yana samun dala 425, babban sakatare dala 600, minista kuwa dala 900. Daga cikin wannan kuɗi ne zai biya masauki, ya ci abinci, ya yi zirga-zirga. Abin da ya rage shi ne ribar ƙafa, kuma da yawa tun kafin jirgi ya tashi sun riga sun ƙulla lissafin kuɗin haya ko na makarantar yara a kansa.

Tafiyar ma ta yi wuya. Bayan cece-kucen da ya biyo bayan taron sauyin yanayi na Dubai a ƙarshen 2023, inda aka yi rajistar mutum 1,411 da sunan Najeriya, Shugaba Bola Tinubu ya rage yawan 'yan rakiya, sannan ya dakatar da tafiye-tafiyen waje da kuɗin gwamnati na wata uku daga 1 ga Afrilu, 2024. Dala ita ma ta ƙara nauyi. Kafin Babban Bankin Najeriya, CBN, ya haɗe kasuwannin canji a ranar 14 ga Yuni, 2023, ana sayar da ita wajen naira 460 a hukumance. Cikin Fabrairun 2024 ta haura naira 1,500. A wannan farashi, dala 100 da ta salwanta wajen cajin banki ta zarce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 har ninki biyu. Kuma irin wannan asara ba ta zuwa da ƙara. Da kaɗan-kaɗan take tafiya, sai an dawo gida an duba bayanin asusu ake ganin ɓarnar.

Hannaye huɗu a kan kuɗi ɗaya

Duk lokacin da matafiyi ya zura katinsa a na'urar cirar kuɗi ta wata ƙasa, akwai ɓangarori har huɗu da za su iya ɗibar rabonsu. Na farko shi ne kamfanin katin, Visa ko Mastercard, wanda ke juya kuɗin ƙasar zuwa dala. Farashinsa yana kusa da na kasuwar duniya, kuma kamfanonin biyu suna wallafa shi kullum a shafukansu na intanet, kowa na iya dubawa. Na biyu shi ne bankin mai katin a Najeriya, wanda kan ɗora wani kaso a kan wancan farashi, idan kuma katin naira ne ya sake juya dalar zuwa naira a farashin da ya ga dama. Na uku shi ne tsayayyen caji da bankin ke cira a kowace cira, ko kuɗin da aka ɗauka kaɗan ne ko mai yawa. Na huɗu shi ne mai na'urar, wanda yakan nemi ladansa.

Biyun farko kaso ne, suna girma tare da kuɗin. Biyun ƙarshe a tsaye suke, don haka suka fi cutar mai cira kaɗan-kaɗan. Wanda ke zuwa na'ura kowace safiya ya ɗauki na kashewar yini, yana ganin tattali yake yi, alhali shi ne ya fi kowa biyan lada.

Wurin da na'urar take ma abin lura ne. Waɗanda ake girkewa a zauren saukar fasinjoji, da harabar otal, da bakin shagunan 'yan yawon buɗe ido, yawanci na kamfanoni ne masu zaman kansu, kuma daga cajin baƙi suke cin abinci. Wadda ke jikin reshen banki ta fi sauƙi, sannan idan ta haɗiye kati akwai ƙofar da za a ƙwanƙwasa.

Tambayar da na'ura ke yi

Akwai ƙofa ta biyar, wadda ta fi sauran faɗi, kuma matafiyi da kansa yake buɗe ta. Na'urori da yawa a Turai da Dubai da wasu ƙasashen Asiya, da zarar sun gane katin baƙo ne, sai su tambaya: a caje shi da kuɗin katinsa, ko da kuɗin ƙasar da yake ciki? Haka ma ƙaramar na'urar biyan kuɗi ta otal ko kanti. Ganin adadin da dala yakan kwantar wa mutum da hankali, domin kuɗi ne da ya saba lissafi da shi. Amma amincewa da hakan na nufin ya karɓe canjin daga hannun Visa ko Mastercard ya miƙa wa mai na'urar, shi kuwa nasa farashin ya fi tsada nesa ba kusa ba. Amsar da ta dace a ko'ina ita ce kuɗin ƙasar da ake ciki: yuro a Faransa, fam a Ingila, dirhami a Dubai, riyal a Saudiyya.

Misali zai fito da abin fili. A ƙaddara jami'ai biyu sun je taro wata ƙasar Turai, kowannensu na buƙatar tsabar kuɗi kwatankwacin dala 1,000. A ƙaddara kuma banki na cirar dala 3 a kowace cira, mai na'ura na cirar dala 4. Na farko ya cira sau goma, kuma kowane karo ya yarda na'ura ta yi masa canji da ƙarin kashi 8 cikin 100. Ya biya dala 70 na caji da dala 80 na canji, jimla dala 150. Na biyu ya cira sau biyu kacal, ya zaɓi yuro, bankinsa ya ɗora kashi 3 cikin 100. Ya biya dala 14 da dala 30, jimla dala 44. Taro ɗaya, otal ɗaya, amma tsakaninsu akwai dala 106.

Wane kati za a ɗauka

Katin naira ya sha hawa da sauka. A 2022, lokacin da dala ta yi ƙaranci, bankuna suka rage abin da za a iya kashewa da shi a waje zuwa dala 20 a wata, daga baya mafi yawansu suka rufe ƙofar baki ɗaya. Sai a Yulin 2025 bankuna irin su GTBank da UBA da Wema suka sanar da sake buɗe ta. Kowane banki da iyakar da ya sa, ta wata ko ta wata uku, kuma iyakar tana sauyawa, saboda haka a tambaya kafin a tashi, a kuma tabbatar an kunna wa katin damar aiki a waje.

Ga wanda aka biya guzurinsa da dala, katin da ke haɗe da asusun dala ya fi dacewa, domin ya tsallake canji guda. Wanda ya sayar da dalarsa a Wuse Zone 4, ya zuba nairar a asusu, sannan ya je waje yana kashewa da katin naira, ya sayar da arha ya sake saye da tsada ke nan, ya biya la'ada sau biyu a kan kuɗi ɗaya.

Mai tafiyar ƙashin kansa yana da damar sayen dala a banki ƙarƙashin tsarin PTA, har dala 4,000 a kowane wata uku, mai tafiyar kasuwanci kuma dala 5,000 ƙarƙashin BTA. A Fabrairun 2024 CBN ya umarci bankuna su daina ba da wannan kuɗi a hannu, sai ta kati. Maniyyata aikin Hajji ne suka samu sassauci a 2025, aka bar musu guzurinsu na dala 500 a tsaba.

Akwai kuma abin da ke ba baƙi mamaki a teburin karɓar baƙi na otal. Yawancin manyan otal-otal sukan riƙe wani adadi a katin baƙo a matsayin jingina, ko da an riga an biya kuɗin ɗaki. Kuɗin bai fita ba, amma ba ya taɓuwa, kuma yakan ɗauki kwanaki ko makonni bayan barin otal kafin a sake shi. Mai kati ɗaya zai iya wayar gari da kuɗi a asusu amma babu na tasi. Kati biyu daga bankuna biyu, ɗaya Visa ɗaya Mastercard, kowanne a aljihu daban, shi ne rigakafin wannan. Haka nan layin wayar da banki ke turo lambar tabbatarwa ta kansa, a tabbatar zai yi aiki a can, ko a koma karɓar lambar ta imel ko manhajar banki.

Tsabar kuɗi da dokar dala 10,000

Tsabar kuɗi har yanzu tana da ranarta, musamman a ƙasashen da na'urori ba su wadata ba. Sai dai tana da sharuɗɗa. 'Yan canji a ƙasashe da dama sun fi son sabuwar takardar dala 100 mai shuɗin zare, wadda Amurka ta fitar a 2013. Tsohuwa ko mai tabo ko yagaggiya, ko dai su ƙi ta ko su karya mata farashi. Ƙananan takardu ma sukan zo da farashi ƙasa da na manya. Teburin canji na filin jirgin sama shi ne mafi tsada a kusan kowane gari, don haka abin da zai kai mutum masauki kawai ya kamata a canza a nan. Allon da ke cewa babu la'ada kada ya ruɗi kowa. La'adar tana cikin tazarar da ke tsakanin farashin saye da na sayarwa.

A gida kuma a lura da wanda ake saye a hannunsa. A Maris 2024 CBN ya soke lasisin kamfanonin canji 4,173 a rana ɗaya. Mai lasisi yana ba da rasit, rasit ɗin kuwa shi ne shaidar mutum ranar da aka tambaye shi asalin kuɗinsa.

A nan ne hadimai da masu riƙe wa manya jaka ya kamata su buɗe kunne. Dokar Hana Halasta Kuɗin Haram ta 2022 ta wajabta wa duk wanda zai fita ko zai shigo Najeriya da kuɗin da ya haura dala 10,000, ko kwatankwacinsu, ya bayyana wa Hukumar Kwastam. Wanda ya ɓoye, kotu na iya ƙwace kuɗin, ko ta ɗaure shi aƙalla shekara biyu, ko ta haɗa masa duka. Amurka ma dala 10,000 ce iyakarta, Tarayyar Turai yuro 10,000, Ingila fam 10,000, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa dirhami 60,000. Bayyanawa ba ta cin ko sisi, kuma ba ta hana wucewa da kuɗin halal. Amma jami'in kwastam wanda ya samu jaka a hannunsa yake tuhuma. Hadimin da aka ce ya riƙe ambulan ɗin maigida, ya karɓa bai tambayi nawa ne a ciki ba, sunansa ne zai shiga takardar tuhuma ta EFCC, maigida kuwa ya riga ya wuce ta ƙofar manyan baƙi. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, amma a filin jirgi sau da yawa wanda ke tsaye a ƙasa ne ke jiƙewa.

Kowace ƙasa da kuɗin da take so

Sanin yadda aka ɗaure kuɗin ƙasa yana hana a cuci baƙo. Riyal ɗin Saudiyya a ɗaure yake da dala, riyal 3.75 kowace dala, tun 1986. Dirhamin Dubai kuma 3.6725. Wanda ya miƙa dala 100 a Jidda aka ba shi riyal 360, ya san an ci kashi 4 cikin 100 a kansa, sai ya matsa shago na gaba.

Sefa kuwa da yuro aka ɗaure ta: sefa 655.957 kowace yuro. Mai zuwa Yamai ko Kwatano ko Abijan ko Dakar, idan ya riƙe yuro ya san ainihin abin da zai karɓa, saɓanin dala da farashinta ke motsi kullum a can. A tuna kuma sefa iri biyu ce. Ta Afirka ta Yamma, wadda babban bankinta ke Dakar, ba ta ciniki a Yawunde ko Njamena, inda ake amfani da ta Afirka ta Tsakiya, duk da cewa darajarsu ɗaya.

A Kenya ciniki ya koma kan M-Pesa, wadda aka fara tun 2007, har mai tasi da mai shayi. A ƙasar Sin kuwa tsabar kuɗi da katin baƙo duk ba su cika karɓuwa a ƙananan shaguna ba. Tun 2023 Alipay da WeChat Pay suka ba baƙi damar haɗa katin Visa ko Mastercard da manhajarsu, kuma ya fi sauƙi a kammala haɗawar tun ana Abuja.

Tura kuɗi: zuwa da dawowa

Alƙaluman Bankin Duniya sun nuna cewa tura kuɗi zuwa ƙasashen Afirka kudu da Sahara ya fi na ko'ina tsada, wajen kashi 8 cikin 100, alhali burin Majalisar Ɗinkin Duniya shi ne a sauko ƙasa da kashi 3 nan da 2030. Sun kuma nuna cewa bankuna ne hanya mafi tsada. Najeriya na karɓar kimanin dala biliyan 20 a shekara daga 'ya'yanta mazauna waje, don haka kowane kaso ɗaya da aka rage kuɗi ne mai yawa.

Jami'in ofishin jakadanci ko mai karatun ƙaro ilimi da ke turo wa iyali kuɗi, abu ɗaya zai kwatanta tsakanin kamfanoni: naira nawa za ta faɗa asusun mai karɓa. Kamfanin da ya ce kyauta yake turawa yana iya ɓoye ribarsa a farashin canji. Tun ƙarshen Janairun 2024 CBN ya ce da naira za a riƙa biyan masu karɓa, kuma kamfanonin tura kuɗi irin su Western Union da MoneyGram shigowa da kuɗi kawai aka yarje musu, ban da fitarwa. Mazauna Amurka kuma su san cewa daga Janairun 2026 akwai harajin kashi 1 cikin 100 a kan kuɗin da aka tura waje da tsaba, wanda bai shafi wanda ya tura daga asusun bankinsa ba.

Mai fitar da kuɗi daga Najeriya, kamar uban da ɗansa ke karatu a Ingila ko Masar ko Malesiya, hanyarsa ita ce banki: ko ya cike Form A ya sayi dala don kuɗin makaranta ko asibiti, ko ya tura daga asusun dalarsa ta hanyar SWIFT. A wannan hanya kuɗin yakan ratsa wani banki na tsakiya a New York ko Landan, shi ma ya ɗebi nasa. Takardar turawa tana da zaɓi uku: OUR, mai turawa ya ɗauki dukkan caji; SHA, a raba; BEN, a cire daga kuɗin mai karɓa. Kuɗin makaranta da aka tura da SHA yakan isa da giɓin 'yan daloli, jami'a kuma ta ƙi yi wa ɗalibi rajista sai an cike. A irin wannan OUR ya fi arha, ko da ya fi tsada a farko. Da yake yawancin cajin a tsaye yake, turawa sau ɗaya a zango ta fi turawa kowane wata.

A cikin Afirka akwai hanyar da ba a cika amfani da ita ba. Tsarin PAPSS, wanda bankin Afreximbank ya ƙaddamar a Akara a Janairun 2022, yana ba mutum damar biya da naira a karɓa da sidi a Gana ba tare da an bi ta dala ba, kuma manyan bankunan Najeriya da dama sun shiga cikinsa. Bankunan da ke da rassa a faɗin nahiyar, irin su Ecobank da UBA mai ƙasashe 20, suna da nasu hanyoyin turawa daga reshe zuwa reshe.

Arhar da ke kai mutum gaban kotu

Wasu manhajoji suna bai wa ɗan Najeriya lambar asusu ta Amurka ko Ingila cikin mintuna, da farashin canji mai daɗi. Ga ɗan kasuwa wannan sauƙi ne. Ga ma'aikacin gwamnati kuwa akwai shinge. Jadawali na Biyar na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya haramta wa shugaban ƙasa da gwamnoni da ministoci da 'yan majalisa mallakar asusun banki a wata ƙasa, sashe na 7 na dokar Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata kuma ya faɗaɗa haramcin zuwa jami'an gwamnati da aka lissafa a dokar, ciki har da ma'aikatan tarayya. Hukuncin ya haɗa da rasa muƙami, da haramcin riƙe wani har shekara goma, da ƙwace dukiya. Kafin ma'aikaci ya buɗe irin wannan asusu, ya nemi matsayin hukumar a rubuce.

Asusun dala da ke cikin bankin Najeriya halal ne, amma wajibi ne ya fito a takardar bayyana kadarori. A kan zargin ƙin bayyana irin waɗannan asusu ne aka dakatar da Alƙalin Alƙalai Walter Onnoghen a Janairun 2019, Kotun Ɗa'ar Ma'aikata ta same shi da laifi a Afrilu. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta wanke shi a Nuwamban 2024, amma a lokacin kujerar ta daɗe da kuɓuce masa.

Sauran hanyoyin bayan fage su ma kowacce da ƙayarta. Tsohuwar al'adar ba wa wani naira a Abuja ko Kano a karɓi riyal a hannun abokinsa a Makka tana tafiya ne a kan amana kaɗai. Ranar da amanar ta karye, babu takardar da za a kai wa alƙali. Cinikin kirifto tsakanin mutum da mutum kuma yana iya jawo wa asusun albashi kuɗin da aka damfari wani, banki ya rufe asusun ana tsakiyar wata. A Afrilun 2024 EFCC ta samu umarnin kotu na rufe asusu sama da 1,000 bisa zargin hada-hadar canji ba bisa ƙa'ida ba. Araha ba ta ado, in ji masu iya magana.

Bayan an dawo ma da sauran aiki. Tsabobin ƙarfe na yuro da fam babu ɗan canjin da zai saye su a Abuja, gara a ƙarar da su kafin a shiga jirgi. Ragowar dala a mayar da ita asusun dala maimakon a sayar a sake nema a tafiya ta gaba. A duba bayanin asusu a tabbatar otal ya saki jinginar da ya riƙe, idan kuma an ga cira biyu a kan ciniki ɗaya a kai ƙorafi banki da wuri, domin kamfanonin kati suna da wa'adin karɓar ƙorafi. Rasit na canji da na otal da takardar shiga jirgi kuwa a adana su wuri ɗaya, saboda sashen kuɗi na ma'aikata da masu binciken Ofishin Babban Mai Binciken Kuɗi na Tarayya sukan waiwayi tafiyar da mai ita ya daɗe da mantawa.